Tsakar Afirka Mai Sunan Karibiyan: Tarihin Suna da Yaɗuwar Hemidactylus mabouia

Gabatarwa

Daga cikin dabbobi masu jan ciki waɗanda suka saba da zama tare da ɗan Adam, da wuya a sami waɗanda suka shiga ƙasashe masu yawa ba tare da an gayyace su ba kamar tsakokin gida, wato ƙananan ƙadangarun nan masu fitowa da dare suna bin bango da rufin ɗaki suna farautar ƙwari. Wannan lacca ta keɓanta ga nau'i ɗaya daga cikinsu, wanda masana suka sani da sunan Hemidactylus mabouia, tsakar da asalinta na Afirka ne kudu da Sahara, amma a yau ta zama 'yar gida a Kudancin Amurka da tsibiran Karibiyan da wani yanki na Amurka ta Tsakiya da jihar Fulorida ta ƙasar Amurka. Abin da ya sa tarihinta ya cancanci nazari shi ne, masana ilimin dabbobi sun fara rubuta ta ne a ƙasar da ta je baƙunci, suka raɗa mata suna daga harshen mutanen can, sa'an nan aka daɗe ana gardama a kan yadda ta ƙetare Tekun Atlantika da kuma ainihin halittun da wannan suna ya ƙunsa.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a fayyace kalmomi uku da za su yi ta maimaituwa. Nau'i a nan yana nufin rukunin halittu masu asali ɗaya waɗanda ke hayayyafa a tsakaninsu, jinsi kuwa rukuni ne da ya fi girma, wanda ke tattara nau'o'i masu kusancin dangantaka. Baƙuwar halitta ita ce wadda ta isa wata ƙasa ta hannun mutane, ko da gangan ko bisa kuskure, kuma idan ta hayayyafa ta bazu har ta fara takura wa halittun da ta tarar, sai a kira ta mai mamaya. Manufar laccar ita ce nuna cewa ba a iya fahimtar yaɗuwar irin wannan halitta, balle a yi maganinta, sai an fara daidaita sunanta, domin suna a ilimin halittu hukunci ne a kan ko wace ce halittar da kuma inda ta fito.

Siffarta da Halayenta

Wannan tsaka ba ta da girma, domin tsawonta daga hanci zuwa gindin wutsiya bai cika wuce santimita 7 ba, idan kuma aka haɗa da wutsiya sai ya kai kimanin santimita 12 ko 13. Bayanta yana ɗauke da ƙananan ƙulle-ƙulle a jere da zane-zane masu duhu da suka ratsa shi, kuma launinta yana sauyawa gwargwadon haske da wurin da take, ta yadda wadda ke ɓoye a bayan itace da rana za ta yi duhu, amma da dare a jikin farin bango sai ta koma kusan fara. Ba ta da fatar ido mai rufewa, don haka da harshe take goge idanunta, kuma idan maƙiyi ya kama ta sai ta yar da wutsiyarta ta tsere, daga baya wata ta tsiro.

Abin da ya fi muhimmanci ga tarihin yaɗuwarta shi ne yatsunta da ƙwanta da abincinta. A ƙarƙashin kowane yatsa akwai falle-fallen fata a jere, waɗanda ke lulluɓe da gashi ƙanana ƙwarai da ido ba ya iya gani, kuma waɗannan gashi ne ke ba ta damar manne wa bango ko gilashi ko jikin jirgi ba tare da wani danƙo ba. Macen takan saka ƙwai biyu a lokaci guda, masu ɓawo mai tauri wanda ke hana ruwan ciki saurin bushewa, tana ɓoye su a tsagar katako ko cikin tarin kaya, kuma sukan ɗauki kimanin wata biyu kafin su ƙyanƙyashe ba tare da uwa ta kula da su ba. Abincinta kuwa duk wani ƙwaro ne da bakinta zai iya ɗauka, tun daga sauro da 'ya'yan kyankyaso har zuwa gizo-gizo, wani lokaci ma har da ƙananan tsakoki. Halittar da ke da waɗannan siffofi ba ta bukatar komai a tafiya mai nisa illa tsaga ta ɓuya da 'yan ƙwarin da za ta ci.

Yadda Aka Raɗa Mata Suna

Tsarin da masana ke bi wajen sanya wa dabbobi suna ya samo asali ne daga Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, kuma bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, wanda ya fito a 1758, shi ne aka ɗauka a matsayin mafarin lissafi. A wannan tsari kowace dabba tana da suna mai kalma biyu, ta farko ta jinsi, ta biyu ta nau'i, kuma akwai ƙa'idar fifikon wanda ya riga, wadda ke nufin cewa idan mutane da dama suka sanya wa nau'i ɗaya sunaye daban-daban, sunan da aka fara bugawa bisa ƙa'ida shi ne ke tabbata, sauran kuma su zama sunaye na kari waɗanda ba a aiki da su. Haka nan kowane suna yana rataye ne da samfurin asali, wato gawar dabbar da aka adana a gidan ajiye kayan tarihin halittu, da kuma wurin da aka samo ta, domin duk wanda ya yi shakka daga baya ya koma ya duba.

Wanda ya fara bayyana wannan tsaka bisa wannan tsari shi ne Alexandre Moreau de Jonnès, Bafaranshen da ya rayu daga 1778 zuwa 1870, wanda ya yi aikin soja shekaru da dama a tsibiran Karibiyan, musamman Martinik, kafin ya koma gida ya shahara a fannin ƙididdiga. A 1818 ya buga bayaninta a mujallar wata ƙungiyar masana ta birnin Faris, ya kira ta Gecko mabouia, ya kuma siffanta ta da cewa ita ce mabouia ta bango ta tsibiran Antil na Karibiyan, wanda hakan ke nuna cewa tun a lokacin a jikin gine-gine ake ganinta. Bai ayyana tsibiri ɗaya tak a matsayin wurin da samfurin ya fito ba, sai a 1904 Leonhard Stejneger na gidan ajiye kayan tarihi na ƙasar Amurka ya taƙaita wurin zuwa tsibirin San Binsent.

Kalmar mabouia ba ta Faransanci ba ce, an aro ta ne daga harshen Kalinago, mutanen da Turawa suka tarar a ƙananan tsibiran Antil, inda take nufin mugun iska ko aljanin da ke kawo cuta da masifa, kuma limamin Kirista Raymond Breton, wanda ya zauna cikinsu a tsibirin Dominika, ya shigar da ita cikin ƙamus ɗinsa na 1665. Mazauna tsibiran sun riƙa kiran ƙadangarun da suke ƙyama da wannan suna, musamman masu fitowa da dare, saboda imanin cewa suna da dafi ko kuma suna manne wa jikin mutum ba su sakuwa. Wannan kalma ce kuma Leopold Fitzinger ya ɗauka a 1826 ya sanya wa wani jinsin kulɓa sunan Mabuya. Muhimmin abin lura a nan shi ne, sunan ya girmi zuwan wannan tsaka cikin littattafan masana, kuma ba ita kaɗai ake kira da shi ba, domin akwai wata babbar tsaka 'yar asalin yankin mai kaurin wutsiya, Thecadactylus rapicauda, wadda ita ma mabuya ake ce mata. Saboda haka ganin kalmar a rubuce-rubucen matafiya na ƙarni na 17 ba ya isa hujjar cewa tsakar Afirka ta riga ta isa can a wancan lokaci.

Kalmar farko ta sunanta na yanzu, wato Hemidactylus, daga Girkanci take, ma'anarta rabin yatsa, saboda falle-fallen da ke ƙarƙashin yatsun 'yan wannan jinsi a rabe suke gida biyu. Georges Cuvier ne ya ware wannan rukuni a 1817, sa'an nan André Duméril da Gabriel Bibron suka mayar da tsakar Moreau de Jonnès cikinsa a 1836, inda sunan ya zauna a siffar da aka san shi da ita har yau. Jinsin yana ɗaya daga cikin mafi girma a dangin tsaka, yana da nau'o'i fiye da 150, mafi yawansu a Afirka da yankin Larabawa da Indiya, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka zama matafiya.

A cikin shekarun da suka biyo bayan 1818, masana da suka zagaya Burazil sun ci karo da wannan tsaka, kuma da yake ba su san an riga su ba, sai suka sake raɗa mata suna. Yarima Maximilian na Wied ya kira ta Gekko incanescens a 1824, Johann Baptist von Spix kuma ya kira ta Gecko aculeatus a 1825, amma ƙa'idar fifikon wanda ya riga ta rushe waɗannan sunaye. A ɓangaren Afirka kuwa akasin haka ne ya faru, domin bayan an gane cewa tsakar Antil tana nan a gabashi da kudancin nahiyar, sai aka riƙa cusa duk wata tsaka mai kama da ita ƙarƙashin suna ɗaya. Misali, Hemidactylus mercatorius ta Madagaska, wadda John Edward Gray ya bayyana a 1842, ta daɗe ana ɗaukar ta a matsayin mabouia. Ke nan a wani gefen teku an ba halitta ɗaya sunaye da yawa, a ɗaya gefen kuma an ba halittu da yawa suna ɗaya, kuma kuskure na biyu ya fi na farko daɗewa da illa.

Gardamar Ƙetare Teku

Da zarar an tabbatar cewa nau'i ɗaya ne ke zaune a gaɓoɓi biyu na Atlantika, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu a inda suka fi kusa ta kai kimanin kilomita 2,800, sai tambaya ta taso a kan yadda ƙaramar dabbar da ba ta tashi ba ta kuma iyo mai nisa ta yi wannan tafiya. Masana sun kasu gida biyu. Ɓangare na farko, wanda Emil Goeldi, ɗan ƙasar Suwizalan da ya shugabanci gidan ajiye kayan tarihin halittu na Belem a Burazil, ya bayyana ra'ayinsa tun a 1902, ya tafi a kan cewa jiragen ruwan fataucin bayi ne suka ɗauko ta. Hujjar wannan ɓangare ita ce, a Amurka tsakar ta fi yawa a garuruwan tashar jiragen ruwa da cikin gidaje, kuma zirga-zirgar da aka yi tsakanin nahiyoyin biyu ba ƙarama ba ce. Ƙididdigar masana tarihi ta nuna cewa an ɗora kimanin mutum miliyan 12 da rabi a jiragen bayi tsakanin ƙarni na 16 da na 19, kuma Burazil kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5 kafin dokar 1850 ta tsayar da shigo da su, mafi yawansu daga tashoshin Luwanda da Bengela na Angola. Jiragen nan na katako ne, cike da gangunan ruwa da itacen girki da buhunan abinci, kuma tafiyar takan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu, wato kusan daidai da lokacin da ƙwan tsaka ke bukata kafin ya ƙyanƙyashe. Shi kansa Moreau de Jonnès ya wallafa littafin ƙididdiga a kan bautar da ake yi a ƙasashen da Turawa suka mallaka a 1842, wato ya yi rubutu a kan tsakar da kuma harkar da ake ganin ita ta kai ta can.

Ɓangare na biyu ya sami babban jagora a 1969, lokacin da Arnold Kluge na Jami'ar Mishigan ya wallafa dogon nazari a kan tsakokin wannan jinsi da ke nahiyar Amurka, inda ya kafa hujja da cewa sun ƙetare ne da kansu, a kan tarkacen itatuwa da ciyayi waɗanda manyan koguna ke kwasowa su zuba a teku, igiyar ruwa kuma ta tura su yamma. Wannan ra'ayi ba shaci-faɗi ba ne, domin irin wannan tafiya tana faruwa. A 1995, bayan guguwa biyu masu ƙarfi sun ratsa Karibiyan, an ga manyan ƙadangarun da ake kira iguwana aƙalla 15 sun sauka a tsibirin Angila a kan tarin itatuwan da aka tumɓuke, alhali a da babu wannan nau'i na iguwana a can. Bugu da ƙari, Kudancin Amurka tana da tsakoki nata na wannan jinsi, kamar Hemidactylus agrius da Hemidactylus palaichthus, waɗanda kakanninsu daga Afirka suka zo tun kafin a sami jirgin ruwa. Matsalar ita ce, duban siffar jiki da ƙidayar falle-fallen yatsu ba za su iya bambance tsakar da ta iso shekara ɗari uku da suka wuce da wadda ta iso shekara miliyan uku da suka wuce ba, don haka gardamar ta tsaya cik har sai da aka sami wani ma'auni.

Shaidar Sinadarin Gado

Ma'aunin da ya warware matsalar shi ne sinadarin gado, wanda masana ke taƙaita sunansa da DNA, wato abin da ke cikin ƙwayoyin jikin kowace halitta yana ɗauke da bayanan da 'ya'ya ke gada daga iyaye. Wannan sinadari yana samun ƙananan sauye-sauye a hankali daga zuriya zuwa zuriya, saboda haka idan al'ummomi biyu na dabba ɗaya suka rabu tun da daɗewa, bambancin da ke tsakaninsu zai yi yawa, idan kuwa rabuwar ta kusa ce, za a same su kusan iri ɗaya. A 2006 Salvador Carranza da Nicholas Arnold suka gwada tsakokin wannan jinsi daga sassa da dama na duniya, suka tarar cewa samfuran mabouia na Afirka da na Kudancin Amurka da na Karibiyan kusan babu bambanci a tsakaninsu, alhali nau'o'in asali na Kudancin Amurka sun yi nisa ƙwarai da danginsu na Afirka. Wannan ya nuna cewa kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, domin an yi tsohuwar ƙetarewa a kan tarkace, amma ba mabouia ce ta yi ta ba, ita tata tafiyar sabuwa ce kuma da hannun mutane a ciki.

Nazari mafi faɗi ya fito a 2021, wanda Ishan Agarwal da Aaron Bauer da abokan aikinsu suka gudanar da samfura daga wurare fiye da 120 a Afirka da Madagaska da ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka. Sakamakonsa ya nuna cewa abin da aka daɗe ana kira mabouia tarin zuriyoyi ne da za su iya kaiwa 20, waɗanda ake ganin kowace za ta iya zama nau'i mai zaman kansa, kuma asalinsu yankin Zambezi ne, wato ɓangaren kudu maso tsakiya da kudu maso gabashin Afirka wanda ya haɗa da Zambiya da Malawi da Mozambik da Zimbabuwe, inda suka fara rarrabuwa tun zamanin da masana ke kira Miyosin, wanda a lissafinsu ya ƙare kimanin shekara miliyan 5 da suka wuce. Daga cikin waɗannan zuriyoyi, ɗaya tak ce ta zama mai mamaya, kuma duk samfuran da aka samo daga nahiyar Amurka nata ne. Mafi yawan sauran suna zaune ne a ƙananan yankuna, ba su yi nisa da inda suka samo asali ba.

Wannan bincike yana da sakamako biyu a aikace. Na farko, idan aka haɗa bayanan dukkan zuriyoyin aka yi hasashen ƙasashen da tsakar za ta iya mamayewa, sai hasashen ya zarce gaskiya, domin an jingina wa mai mamaya juriyar yanayin da 'yan uwanta ne ke da ita. Na biyu, nau'in da ke zaune a ƙaramin yanki yana iya shiga haɗarin ƙarewa ba wanda ya lura, saboda an rubuta shi da sunan dabbar da kowa ya san ta cika duniya. Ta haka suna ɗaya ya ɓoye haɗari iri biyu masu karo da juna.

Yaɗuwar Zamani da Tasirinta

Tafiyar wannan tsaka ba ta tsaya da ƙarewar cinikin bayi ba, hasali ma ta ƙara sauri a ƙarni na 20 da zuwan kwantenoni da manyan motoci da cinikin shuke-shuken ado. A Fulorida an fara rubuta ganinta a 1990 a ɗan tsibirin Crawl Key, kuma cikin 'yan shekaru ta bazu a kudancin jihar, inda ta tarar da wasu baƙin tsakoki biyu da suka riga ta, wato Hemidactylus turcicus ta yankin Bahar Rum da Hemidactylus garnotii ta Asiya. Binciken da Walter Meshaka ya yi a gine-ginen gandun dajin Everglades ya nuna yadda sabuwar baƙuwar ta riƙa maye gurbin garnotii har ta rinjaye ta. A tsibirin Kurasawo kuwa abin ya fi tsanani, domin wadda take turewa daga jikin gidaje 'yar asalin wurin ce, Phyllodactylus martini, wadda mazauninta a duniya bai wuce wannan tsibiri da 'yan maƙwabtansa ba. A Burazil, nazarin da Carlos Rocha da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 ya tattaro shaidun cewa ta fita daga cikin gari ta shiga dazuzzuka da filayen yashi na bakin teku a jihohi da dama. Ko a cikin Afirka ma ta faɗaɗa mazauninta, domin a Afirka ta Kudu ta bi motoci da kaya daga arewa maso gabashin ƙasar zuwa garuruwan gaɓar teku na kudu. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma tarihin wannan tsaka ya nuna baƙon da ya kafu har ya tumɓuke ɗan gari.

Dalilin wannan rinjaye yana da alaƙa da yadda mutane suka sauya muhalli. Gwaje-gwajen da Kenneth Petren da Ted Case suka yi a Hawai a shekarun 1990, a kan wata 'yar uwarta ta Asiya mai suna Hemidactylus frenatus, sun nuna cewa fitilar lantarki a jikin shimfiɗaɗɗen bango tana tara ƙwari wuri ɗaya, kuma a irin wannan fili tsakar da ta fi girma da sauri da ƙarfin hali ita ke cinye abincin, wadda ta fi rauni kuma ta rame, haihuwarta ta ragu. Ana ganin irin wannan ne ke taimakon mabouia, tare da cin 'ya'yan wasu tsakoki da take yi. Ke nan jirgi ne ya kai ta, amma siminti da wutar lantarki ne suka ba ta sarauta, kuma duk inda gari ya faɗaɗa zuwa cikin daji, an shimfiɗa mata hanya ke nan.

Game da lafiyar mutane, tsoron da sunan mabouia ya ɗauko daga Karibiyan yana da takwaransa a ƙasar Hausa da sauran sassan Afirka, inda mutane da yawa ke ɗaukar tsaka a matsayin mai dafi ko mai jawo cutar fata. Ilimin halittu bai sami dafi a jikin tsakar gida ba, ko a cizonta ko a fatarta. Abin da aka tabbatar, har da binciken da aka yi a Najeriya a shekarun 1980, shi ne tana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinta, wadda ke haddasa gudawa da zazzaɓi idan kashinta ya faɗa cikin abinci ko ruwan sha, don haka rufe abinci da randa shi ne matakin da ke da tushe.

Tsakar Ƙasar Hausa a Cikin Wannan Tarihi

Tsakar da aka fi gani a bangon gidajen savannar Afirka ta Yamma, har da arewacin Najeriya da kudancin Nijar, wani nau'i ne dabam mai suna Hemidactylus angulatus, wanda Edward Hallowell ya bayyana a tsakiyar ƙarni na 19, kuma tarihin sunanta ya yi kama da na 'yar uwarta. An daɗe ana lissafa ta a matsayin reshen Hemidactylus brookii, tsakar Asiya da Gray ya sanya wa sunan James Brooke, Baturen da ya mulki Sarawak, shi ya sa tsofaffin littattafan makarantu da rahotannin bincike na Najeriya ke kiran ta da wannan suna, har sai da sinadarin gado ya nuna cewa ba su da kusancin da ake zato. Haka kuma tsakar da aka raɗa wa Hemidactylus haitianus a 1901, bisa zaton cewa 'yar asalin Haiti da Kuba ce, binciken Andrew Weiss da Blair Hedges na 2007 ya nuna cewa daga cikin dangin angulatus na Afirka take, kuma zuwanta can bai daɗe ba. Wannan na nufin aƙalla tsakokin Afirka biyu ne suka bi hanya ɗaya zuwa yamma, kuma dukansu an fara ba su sunayen da ke nuna ƙasar da suka sauka maimakon wadda suka baro.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya tabbatar shi ne, Hemidactylus mabouia 'yar Afirka ce, asalin danginta yankin Zambezi, ta ƙetare Atlantika a 'yan ƙarnonin baya ta hanyar jiragen ruwa, mafi rinjayen zato na fataucin bayi, kuma sunan da take ɗauke da shi tun 1818 ya rufe nau'o'i da yawa waɗanda har yanzu da dama daga cikinsu ke jiran a raɗa musu nasu. Da yawa daga cikin wannan sani an tattara shi ne daga samfuran da ke ajiye a Faris da Landan da biranen Amurka, alhali dabbobin a bangon gidajen Afirka suke kwana. Saboda haka akwai kira ga sassan nazarin dabbobi na jami'o'in Najeriya da Nijar da su ɗauki tattara samfura da adana su da rubuta wurin da aka samo kowane ɗaya a matsayin aiki na ainihi, su kuma horar da ɗalibai kan tantance nau'o'i, sa'an nan hukumomin da ke kula da shige da ficen tsirrai da dabbobi a tashoshin jiragen ruwa da kan iyakoki su riƙa aiki da sunayen da bincike ya tabbatar. Ƙasar da ba ta rubuta halittun da take da su ba, ba za ta gane baƙuwa ba idan ta shigo, ba kuma za ta san ta yi asara ba idan 'yar gida ta ɓace.